DAGA AKUSHI ZUWA LEDA

Duk wanda ya san mu a wannan jami'a ya san cewa ba mu da hurumi a fagen likitanci. Abin da muka karanta, muka kuma shafe shekaru muna koyarwa, shi ne adabi, wato tatsuniya da karin magana da waƙar baka da ƙagaggun labarai. Saboda haka idan mai karatu ya ga mun tsoma baki cikin zancen jini da sukari da sinadaran masana'antu, yana da damar cewa mun yi shiga sharo ba shanu. Hanzarinmu guda ne: abin a gidanmu ya faru, mai ɗaki kuwa shi ya san inda yake masa yoyo. Mun daɗe muna ja da baya wajen rubuta shi, domin a tarbiyyar da muka taso cikinta namiji ba ya kai zancen cikin iyalinsa bainar jama'a. Uwargida ce da kanta ta warware mana wannan ƙulli, ranar da ta ce, "Malam, in dai ba sunana za ka sa ba, ka rubuta. Da wani ya rubuta mun karanta, da yaron nan bai sha wuyar da ya sha ba."

Yaron da take nufi shi ne ɗanmu na uku, wanda aka haifa da damunar 2019 a can gida Arewa, inda haihuwa ta riske ta lokacin dogon hutu. Ciki ne da ya yi girma ƙwarai, har mata suna yi mata zolayar tagwaye. Ta riƙa fama da ƙishirwa da yawan fitsari da kasala, mu kuma muka ɗauka laulayi ne irin na kowace mai ciki, muka yi ta sa a dama mata fura da sukari, muna sayo mata lemon kwalba don ta ji ƙarfin jikinta. Ranar haihuwa kan jariri ya fito, kafaɗa ta maƙale. Ungozomomin ƙaramin asibitin sun yi bakin ƙoƙarinsu har Allah ya raba, amma da aka ɗora shi a sikeli sai ga kilo 4.4, hannunsa na dama kuma yana reto kamar ba nasa ba. 'Yan barka ba su lura da hannun ba, girman suka gani. Kowa ya leƙa sai ya ce tubarkalla, an haifi Basamude. Mu ma a lokacin har da ɗan alfahari. Wata goma sha takwas aka yi ana kai shi gashi kafin hannun ya soma ɗaguwa, har yau kuma da hagu yake riƙe alƙalami.

A 2023, da aka sami ciki na huɗu, a nan Kudu ta soma zuwa awo. Likitar da ta duba ta, wata dattijuwar Bayarbiya mai sanyin murya, ta tambayi nauyin 'ya'yan da aka haifa a baya ɗaya bayan ɗaya. Da aka zo kan na uku sai ta ajiye biro, ta dube mu ta saman tabarau, ta ce shin an taɓa auna sukarin jininta a wancan cikin? Muka ce fitsari dai aka taɓa dubawa sau ɗaya. Ba ta ce uffan ba, ta jawo takarda ta rubuta gwaji. Na farko bai nuna komai ba, amma ta ce lallai a maimaita tsakanin mako na 24 da na 28, domin a nan ne abin ya fi bayyana. A mako na 26 muka yi sammako, uwargida ba ta karya ba. Aka ɗebi jini, aka ba ta ruwan da aka narkar da giram 75 na gulukos a ciki ta shanye, aka sake ɗiba bayan awa ɗaya, aka kuma ɗiba bayan awa biyu. Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi tun 2013 ya ce idan awon farko ya kai 92, ko na biyu ya kai 180, ko na uku ya kai 153, to akwai ciwon sukari na masu juna biyu. Lamba ɗaya ma ta isa hujja. Nata duka ukun sun haura.

Bayanin da likita ta yi mana a ranar bai fita daga kanmu ba. Abincin da muke ci, tuwo ne ko shinkafa ko doya, jiki yana mayar da shi sukari ya zuba cikin jini. Sukarin nan ba ya shiga tsoka ya zama ƙarfi sai da izinin wani sinadari mai suna insulin, wanda wata gaɓa da ke kwance bayan tumbi, wato fankiriyas, take samarwa. Idan ciki ya raba tsakiya, mabiyiya takan riƙa fitar da nata sinadaran masu sa jikin uwa ya yi wa insulin kunnen ƙashi, domin sukari ya ɗan jima cikin jini ɗan tayi ya sami rabonsa. A jikin yawancin mata fankiriyas yakan ƙara ƙwazo ya cike giɓin. Wadda nata ya gaza kuwa, sai sukari ya yi ambaliya. Shi sukari yana ƙetare mabiyiya ya isa ga jariri, insulin ɗin uwa ba ya ƙetarewa, don haka sai jaririn ya hau yin nasa da yawa, ya yi ta tara kitse, musamman a kafaɗu da gangar jiki. Ashe girman da aka yi ta yi mana barka a kai alamar cuta ce. Ƙungiyar yaƙi da ciwon sukari ta duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa kusan haihuwa ɗaya cikin shida a duniya hauhawar sukari ta shafi cikinta, sai ga shi mu masu digirin digirgir ba mu taɓa jin sunan abin ba.

Tambayar da ta hana mu barci bayan nan ita ce, daga ina wannan abu ya ɓullo? Uwargida ba mai jiki ba ce, a danginsu kuma, na uwa da na uba, ba a san mai ciwon sukari ba. Da muka shaida wa Inna ta waya, ta yi shiru na wani lokaci, sannan ta ce, "Kai ɗan nan," domin da yake mu ne ɗan fari ba ta kama sunanmu, "ni na haifi tara, kakarku ta haifi goma sha ɗaya, ba wadda aka ce mata sukari. Ku dai bincika. Ko baki ne, ko kuwa wani ya sa mata hannu a abinci." Muka yi murmushi irin na ɗan boko, muka ce Inna ai zamanin sammu ya wuce. Ta ce to, Allah ya sawwaƙe, ta kashe waya.

Bayan kamar mako biyu, wani abokin aikinmu na Sashen Kimiyyar Sinadarai ya leƙo ofishinmu da tsakar rana, ya tarar muna ɓare leda daga jikin alale mai zafi da muka aika aka sayo a Sabo, manja yana naso har bisa takardun jarrabawa. Ya tsaya yana kallo, sannan ya ce, "Dakta, kana cin alale, kana haɗawa da ɗan abin da ledar ta ba ka kyauta." Da ya ga ba mu gane ba sai ya jawo kujera. Ya ce masu yin roba ba sa barin ta haka nan, sukan zuba mata wasu sinadarai don ta yi laushi ko ƙarfi ko launi, kuma da yawa daga cikinsu ba a ɗaure suke da jikin robar ba, zafi da maiƙo da tsami suna janyo su zuwa cikin abinci. Ya ƙara da cewa ita farar leda ba ita ce uwar laifi ba, akwai waɗanda suka fi ta. Da muka ba shi labarin gida, sai fara'arsa ta ragu. Washegari ya kawo mana tarin takardu, muka ajiye nazarin Magana Jari Ce a gefe muka shiga wani karatun.

Abin da muka fahimta shi ne, jikin ɗan Adam tamkar masarauta yake, yana da 'yan aike masu yawo cikin jini suna isar da umarni daga wannan gaɓa zuwa waccan. Su ake kira homon, kalmar da wani Baturen Ingila masanin aikin jiki, Ernest Starling, ya ƙirƙiro a 1905 daga wata kalmar Girkanci mai ma'anar zaburarwa. Insulin ɗaya ne daga cikinsu, haka ma waɗanda ke tafiyar da al'adar mata da ɗaukar ciki da girman yaro. Kowane ɗan aike yana da ƙofar da yake buɗewa, kamar makulli da kwaɗo, kuma ɗan mitsitsi daga cikinsa ya isa ya juya al'amuran jiki gaba ɗaya. To, a cikin dubban sinadaran da masana'antu suka ƙera a ƙarnin da ya wuce, an sami waɗanda siffarsu ta yi kama da ta waɗannan 'yan aike. Idan suka shiga jiki sai su yi sojan gona: wani ya buɗe ƙofar da ba a aike shi ba, wani ya toshe kwaɗo ya hana mai makullin gaskiya shiga, wani kuma ya sa a rage ko a ƙara yawan 'yan aiken. Tun da yake homon da ɗan kaɗan yake aiki, shi ma mai sojan gonar ba ya bukatar yawa, lokacin da ya fi ɓarna kuwa shi ne sa'ad da ake gina jikin ɗan tayi.

Duniya ba da sauƙi ta koyi wannan darasi ba. A 1938 wani masani a Landan, Charles Dodds, da abokan aikinsa suka haɗa wani magani mai kwaikwayon homon na mata, wanda aka fi sani da DES. Shekara wajen talatin ana ba miliyoyin masu juna biyu shi a Amurka da Turai da zimmar yana hana ɓari, ko da yake tun 1953 wani gwaji a Chicago ya nuna ba ya hanawa. Sai a 1971 likita Arthur Herbst da 'yan'uwansa a Boston suka gano cewa 'yan matan da iyayensu suka sha maganin suna ɗauke da cikinsu suna kamuwa da wani irin ciwon daji na al'aura wanda a da ba a cika ganinsa ga masu ƙuruciya ba. Uwa ta sha, 'ya ta biya bayan shekara ashirin. Kafin nan, a 1962, Rachel Carson ta fitar da littafinta Silent Spring a kan ɓarnar magungunan ƙwari irin su DDT, wanda Amurka ta hana fesa shi a gonaki a 1972. A 1991 ne masaniya Theo Colborn ta tara masu bincike a Wingspread ta jihar Wisconsin, inda suka haɗa labarin tsuntsaye da kifaye da mutane wuri guda, suka raɗa wa waɗannan sinadarai sunan masu hargitsa homon.

Da muka bi jerin sunayensu, sai muka ga duk 'yan gida ne. Akwai BPA, wanda ake yin roba mai tauri mai sheƙi da shi, irin ta tsofaffin bulumbotin jarirai da manyan gorunan ruwa na ofis, ana kuma shafe cikin gwangwanayen abinci da shi, yana nan ma a jikin wasu 'yan takardun rasit masu santsi da na'urar cirar kuɗi ke fitarwa. Wani bincike na hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka a 2003 da 2004 ya same shi cikin fitsarin fiye da kashi 90 cikin ɗari na waɗanda aka gwada. Akwai dangin talet, masu sa roba laushi, waɗanda kuma ake zubawa a turare da man shafawa da jan farce don ƙamshi ko launi ya daɗe. Akwai dangin PFAS, da ake amfani da su wajen yin kaskon suya marar kamu da takardun da maiƙo ba ya ratsawa, waɗanda sukan yi shekaru cikin jini ba su fita ba. Tarayyar Turai ta hana BPA a bulumbotin jarirai a 2011. A 2023 hukumarta ta ingancin abinci ta rage adadin da ta ce jiki zai iya ɗauka a rana har ninki 20,000, a ƙarshen 2024 kuma aka zartar da dokar hana shi a kayan da ke taɓa abinci.

Mu ma a ƙasar nan muna da namu tabon. Muna 'yan firamare a 1988 rediyo ta yi ta maimaita sunan Koko, wani ƙaramin gari mai tashar jiragen ruwa a tsohuwar jihar Bendel, inda aka jibge dubban gangunan dattin masana'antu daga Italiya, cikinsu har da PCB, mai ɗin da a da ake zubawa a taransifoma. Gwamnatin Babangida ta tilasta aka kwashe su, ta kafa Doka ta 42 a kan miyagun shara, ta kuma kafa hukumar kare muhalli ta tarayya a shekarar. Manoman koko na ƙasar Yarbawa sun daɗe suna fesa lindan, har wasu masunta suka mayar da shi abin kashe kifi, kafin a sa shi cikin jerin haramtattu na Yarjejeniyar Stockholm a 2009. Gangunan Koko an gan su da ido an mayar wa masu su. Bolar da ake cinna wa wuta kowace yamma a bayan gidajenmu kuwa, da robobi da tayoyi da tsofaffin wayoyin lantarki a ciki, tana fitar da dayoksin, ɗaya daga cikin mafiya sharrin wannan dangi, kuma mu da hannunmu muke ƙyasta ashanar.

Wajibi ne a nan mu yi wa mai karatu adalci, kada son labari ya sa mu ƙara gishiri. A 2010 masu bincike a Sifen, ƙarƙashin Angel Nadal, sun ba ɓeraye masu ciki ɗan ƙaramin adadin BPA, sai jikinsu ya kasa sarrafa sukari yadda ya kamata, 'ya'yansu maza ma da suka girma suka nuna irin wannan rauni. A 2015 wani nazari a kan matan jihohin Michigan da Texas ya nuna cewa waɗanda jininsu ya fi ɗauke da wani ɗan dangin PFAS kafin su yi ciki sun fi kamuwa da ciwon sukarin juna biyu. An sami irin wannan alaƙa a wasu nazarce-nazarcen game da talet da PCB, wasu kuma sun duba ba su ga komai ba, musamman a kan BPA. Ganin mutum biyu suna tafe tare ba ya tabbatar da cewa ɗaya ne ya aiko ɗayan, ga shi kuma ba a yi wa mai ciki gwajin guba da gangan. Abubuwan da suka tabbata suna jawo ciwon su ne ƙiba, da yawan shekaru, da gado, da rashin motsa jiki, da haihuwar ƙaton jariri ko kamuwa da ciwon a cikin da ya gabata. Sinadaran nan ƙarin kaya ne bisa jakin da ya riga ya gaji.

Wannan adalcin yanzu muke iya yin sa. A lokacin kuwa, sabon shiga ya fi kowa zaƙewa. Wata Asabar muka shiga kicin da buhu, muka tattara robobin uwargida manya da ƙanana, muka wuce ɗaki muka kwashe kwalaben humra da turaruka da mayukan shafawa daga gaban madubi, muna yi muna lacca kamar a aji. Tana zaune bakin gado da tsohon ciki, ɗan yatsanta duk sawun allurar awon sukari, ba ta tanka ba har muka gama. Sannan ta ce, "Malam, ni ce mai ciwon, ni ce kuma mai laifin ke nan? Wa yake shigo da katan ɗin lemo duk ƙarshen wata? Wa ya ce tuwon dawa na ƙauyawa ne, a koma farar shinkafa da burodi? Robobin nan da kake zubarwa, rabinsu a bikin 'yan'uwanka aka raba su. Shekara nawa ina cewa ka raka ni awo kana cewa kana da lacca?" Ba mu sami abin cewa ba. Mun karanta takardu fiye da ashirin a kan abin da ke shiga jikinta, ba mu tambaye ta ko sau ɗaya yadda take kwana da tsoron abin da ya faru a 2019 ba. Muka mayar da kwalaben inda suke, muka zauna.

Likita ce ta daidaita mana sahu a zuwa na gaba. Da muka kawo mata zancen sinadarai ba ta yi mana dariya ba, ta ce magana ce da masana suke ɗauka da muhimmanci, amma wanda gidansa ke ci da wuta ba ya tsayawa gyaran danga. Ta ce a fara da abin da ke cikin kwano kafin a zo ga kwanon kansa. Aka raba abinci ƙanana sau biyar ko shida a rana, aka rage shinkafa da burodi, aka kori lemon kwalba da shayi mai madarar gwangwani, aka ƙara wake da ƙwai da kifi da miyar ganye da zogale. Bayan kowane cin abinci mukan taka tare na minti ashirin a harabar gidajen malamai, abin da ba mu taɓa yi ba tun da aka ɗaura mana aure. Ana awon sukari sau huɗu a rana ana rubutawa a littafi. Da na asuba ya ƙi sauka sai aka haɗa da allurar insulin da dare. Ta ɓangaren sinadarai kuwa, muka tsaya ga abin da ba ya cin kuɗi: ba a zuba abinci mai zafi a roba ko leda, ba a barin ruwan leda a rana, kaskon da ya kankare an jefar, an daina ƙona shara a bayan taga, an rage turaren fesawa. Maƙwabciyarmu Bayarbiya ta koya wa uwargida ƙunsa alale a ganye kamar yadda suke yi tun kaka da kakanni, ya kuma fi na leda ɗanɗano.

Ana cikin haka sai ga saƙon Inna ta hannun wani direban tirelar shanu: rabin buhun dawa, da gero, da kuka, da daddawa, a tsakiya kuma, naɗe cikin tsohon zane, baƙin akushin marigayi mahaifinmu. Ba ta aiko da wata magana ba. Mun daɗe muna juya akushin nan a hannu, muna tuna yadda muka yi mata murmushin 'yan boko. A tatsuniyoyin da muke koyarwa, guba kullum tana da mai ita: kishiya ce ta barbaɗa, ko ɗan'uba, ko boka, kuma kafin a ce ƙurunƙus asiri ya tonu an hukunta mai laifi. Inna ta ce a bincika ko an sa hannu a abinci, ta kuma yi kusa da gaskiya fiye da yadda muka zata, illa dai wannan sammun ba maƙiyi ne ya yi shi ba. Wanda ya ƙera robar bai san uwargida ba, mai alalen Sabo kuwa baiwar Allah ce mai neman na cefane, leda ta fi mata ganye araha da sauƙin samu. Adabinmu bai tanadar mana labarin cutar da babu mugu a cikinta ba, shi ya sa idan ta zo mukan rasa inda za mu nuna yatsa, sai mu nuna wa matar da ke kwance.

Kada kuma a ɗauka muna kiran a koma zamanin akushi ne ɗungurungum. Inna ta haifi tara, amma biyar ne suka rayu, ƙanwarta kuma a kan gwiwa ta rasu da wani ƙaton ciki da ba wanda ya auna. Ruwan ledar da muke zargi ya tsare unguwanni da yawa daga kwalara, wadda ke kisa cikin kwana ɗaya. Ranar da uwargida ta haihu, a mako na 38, ledar ƙarin ruwa da siririyar robar da aka sa mata a hannu irin robar nan ce mai laushi da muka karanta laifinta, mun kuwa gode wa Allah da aka same ta. Aka haifi mace, kilo 3.3, aka ɗan soki diddigenta aka auna sukari don kada ya faɗi, kamar yadda yakan faru ga jariran irin waɗannan iyaye, aka ce lafiya lau. Bayan mako shida aka sake yi wa uwar gwajin ruwan gulukos, sukari ya koma daidai. Sai dai likita ta ja mana kunne cewa wani babban nazari da aka buga a mujallar Lancet a 2009 ya nuna macen da ta yi wannan ciwo ta fi wadda ba ta yi ba haɗarin kamuwa da ciwon sukari na dindindin har ninki 7. Don haka awo ya zama namu na kowace shekara.

Abin da ya rage shi ne namu laifin, mu ma'abota harshe. Gwamnatin jihar Legas ta hana farar robar kumfa ta zuba abinci a watan Janairun 2024, aka yi ta muhawara a jaridun Turanci, amma matan Sabo da na Agege da na Mile 12, waɗanda su ne masu dafawa da ƙunsawa da ɗaukar ciki, da wane harshe aka yi musu bayani? Mun shekara da shekaru muna gardama a tarurruka a kan ko waƙa kaza tana da karin Larabci ko ba ta da shi, alhali ba mu zauna da likitoci mun samar da kalmar da ungozoma za ta faɗa wa mai ciki ta gane cewa ƙaton jariri abin a bincika ne ba. Ɗalibanmu masu rubuta wasan kwaikwayo da gajerun labarai a wannan mujalla, ga fage nan a buɗe. Magidanta kuma, musamman 'yan'uwanmu malamai masu ganin sun san komai, roƙonmu gare su bai wuce uku ba: a raka iyali awo, a nemi a yi musu gwajin sukari na jini tsakanin mako na 24 da na 28 ko da ba su koka da komai ba, a kuma raba abinci mai zafi da roba gwargwadon hali. Kafin a taɓa kwalaben gaban madubi kuwa, a fara duba abin da ake shigowa da shi a bayan mota.

Akushin yana nan, a cikinsa ake zuba mana tuwon dawa da dare. Ɗanmu na uku yakan zauna kusa da mu ya sa hannun hagu, wani lokaci ya gwada na dama ya kai loma biyu ko uku kafin ya gaji. Mun daina gyara masa. Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya raya abin da aka haifa, amin.